Yadda Tatsuniya Ta Bar Ɗakin Kaka Ta Shiga Littafi

  Yau a filin namu tarihi za mu taɓa, tarihin tatsuniya: yadda aka yi ta bar bakin tsofaffi ta hau takarda, da su wa suka rubuta ta, da inda aka kai ta aka buga. In kina tsintar shinkafa ne ko ɗinkin hula, ci gaba da abinki, aron kunnenki kawai nake roƙo.

Ba sai an gaya miki ba, tatsuniya a ƙasar Hausa kayan mata ce. In an yi sallar isha'i an ci tuwo, sai yara su taru a ɗakin kaka ko na gwaggo, tana kaɗi da mazarinta, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa, "Ta zo mu ji ta." Da rana ba a yi, an ce mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi. A nan yaro yake sanin Gizo da Ƙoƙi, da kwaɗayin kura, da 'yar bora da 'yar mowa, da Dodo mai haɗiye 'yan mata masu ƙin jin magana. Namiji in ya tasa sai ya koma zaure ya bar ta, har in an yi masa maganar da bai yarda da ita ba ya ce ai wannan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce. To, amma in kika ɗauko manyan littattafan tatsuniya na farko kika duba bangonsu, sunayen maza za ki gani, mafi yawa ma Turawa. Yadda aka yi haka ta faru shi ne labarinmu na yau.

Bari mu faro daga wani yaro mai suna Dorugu. An haife shi wajen shekarar 1840 a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka kai shi Barno a matsayin bawa. A can wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Dorugu ya bi shi har Tumbuktu, suka keta hamada, a 1855 suka sauka Ingila.

A Ingila akwai wani Bajamushen, ɗan mishan, ana ce masa Schön. Shi wannan a 1841 ya biyo ayarin jiragen ruwa da Ingila ta turo kogin Kwara, ya kuma fara koyon Hausa a bakin Hausawan da aka ceto daga bauta aka sauke a Saliyo. Bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Da ya ji ga Bahaushe ya zo har gida, sai ya karɓi Dorugu ya zauna wurinsa, yaro yana faɗa, shi yana rubutawa. Labarin rayuwarsa ya faɗa, ya faɗi tafiye-tafiyensa, ya kuma yi masa tatsuniyoyi. Daga baya Schön ya haɗa wannan da wasu abubuwan da ya tara, aka buga a Landan a 1885 da sunan Magana Hausa. Dorugu ya komo gida, ya yi tsawon rai, har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Ki tsaya ki yi tunani, 'yar uwa. Yaron da aka raba da gidansu tun yana ƙarami, a ina ya ji waɗannan tatsuniyoyi in ba a gaban iyayensa mata ba? Wata baiwar Allah ce a wani ƙauye na Damagaram ta zaunar da shi ta yi masa, ya riƙe su a ka, ya ratsa bauta da hamada da teku da su. Littafin ya fito da sunan Schön, an san sunan Dorugu, ita kuwa babu wanda ya tambayi sunanta. Ki riƙe wannan, don za ki sake cin karo da shi.

Yanzu kuma mu ɗan dakata a Ingilar, don a can ne aka kafa wata ƙungiya da ta shiga cikin labarin namu. A wancan zamani jirgin ƙasa da masana'antu da makarantu sun sa mutanen karkarar Ingila suna barin tsofaffin labaransu da waƙoƙinsu da camfe-camfensu. Sai wata matar aure a birnin York, mai suna Eliza Gutch, ta rubuta wa wata mujalla wasiƙa a 1876, ta ba da shawarar a kafa ƙungiya da za ta tattara waɗannan abubuwa ta buga tun ba su ɓace ba. Maganarta ta samu karɓuwa. A 1878 aka kafa ƙungiyar a Landan, ana kiranta Folklore Society, wato ƙungiyar adana tatsuniyoyi da al'adun gargajiya.

Yadda suke aikinsu ba shi da wuyar ganewa, kusan adashe ne. Kowane ɗan ƙungiya yana zuba kuɗi a shekara, da kuɗin ake biyan maɗaba'a, abin da aka buga kuma a aika wa kowa da nasa. Tun shekarar da aka kafa ta suka fara fitar da mujalla, suka sauya mata suna sau biyu, daga 1890 ta zauna da sunan Folk-Lore. Ban da mujallar, suka shiga buga littattafai gunduma gunduma, kowane yanki na ƙasar da nasa. Ita Eliza Gutch da kanta ta haɗa na arewacin yankin Yorkshire a 1901, da na gabashinsa a 1912, ta kuma haɗa na Lincolnshire tare da wata mata mai suna Mabel Peacock a 1908. Wata kuma, Charlotte Burne, ta yi shekaru tana tace mujallar, a 1909 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar, mace ta farko da ta hau wannan kujera. Kin ga su a can, matan ne suka riƙe alƙalami da hannunsu, shi ya sa sunayensu suka zauna.

To, ina abin ya haɗu da mu? A cikin mujallar nan ne, a 1910 da 1911, aka buga tatsuniyoyin Hausa guda 50. Wanda ya kai su wani hafsa ne haifaffen Ostireliya mai suna Tremearne, wanda ya yi aikin soja da na 'yan sanda a Arewa bayan Turawa sun ci ƙasar. Mafi yawansu a ƙasar Jama'a ya tattara su, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, cikin 1908 da 1909. A 1913 ya fitar da babban littafinsa a Landan, Hausa Superstitions and Customs, ma'ana camfe-camfen Hausawa da al'adunsu, da tatsuniya 100 a ciki. Shekara biyu bayan nan aka kashe shi a Faransa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Akwai abin da Tremearne ya faɗa a littafinsa wanda ya kamata kowace mace ta ji. Ya ce an shaida masa mata da yara su suka fi kowa iya tatsuniya, amma samunsu ya yi masa wuya, in ma ya same su sai tsoro ya kama su, su gaji da wuri. Saboda haka ya dogara da maza: sojojinsa, da yaron gidansa, da wani sarkin dukawa. Cikin waɗanda ya lissafa akwai mace guda, matar wani ɗan sanda, ya rubuta sunanta Ashetu, wato A'ishatu. Ai kuwa dole tsoro ya kama su. Bature ne, baƙo, da kakin soja, 'yan shekaru kaɗan bayan an gama harbe-harben cin ƙasa, ya kira mace da rana tsaka ya ce ta yi masa abin da ake yi wa jikoki da dare. Gidajen da gwanayen suke kuwa ba shiga ne, iyakarsa zaure. Ashe kullen da ya tsare mutuncin iyayenmu daga idon baƙo, shi ne kuma ya tsare muryarsu daga alƙalaminsa.

A daidai wannan lokaci wani aikin da ya fi wannan girma yana gudana a Sakkwato. Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da ajami, takardu suka taru masa da yawa. A 1910 ya miƙa su ga wani jami'in mulki mai suna Frank Edgar. Shi kuma Edgar ya ƙara neman wasu, ya zauna ya juya ajamin zuwa boko, aka buga littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 a birnin Belfast da ke tsibirin Ailan. Sunansu Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, haka ya rubuta, da "t" guda, don a lokacin ba a daidaita ƙa'idar rubutun boko ba, baƙaƙen nan masu lanƙwasa ma sai a shekarun 1930 aka shigo da su. Ɗaruruwan abubuwa ne a ciki: tatsuniyoyi, da labaran sarakuna da na yaƙe-yaƙe, da wasiƙu, da karin magana, da kacici-kacici. Duka da Hausa aka buga su, babu fassara.

A 1913 ɗin dai, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da wasu littattafai biyu na wani Bature mai suna Rattray. Shi a ƙasar Gana ya yi aiki, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, inda Hausawa fataken goro suka daɗe da kafa zangonni. Wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, shi ya rubuta masa komai da ajami. Shi dai Malam Shaihu ya ci sa'a, an ambaci sunansa, har rubutun hannunsa aka buga yadda yake, ga juyinsa da boko, ga fassarar Turanci.

Ki lissafa ki gani. Tsakanin 1910 da 1913 tatsuniyar Hausa ta shiga mujalla guda da manyan littattafai na mutum uku, an buga a Landan da Belfast da Oxford, babu ko ɗaya da aka buga a ƙasar Hausa. Don wa aka yi su? Wasu don Turawan mulki masu koyon Hausa, waɗanda ake yi wa jarrabawar harshe, kuma suna son sanin halin mutanen da suke mulka. Wasu don masanan Turai masu kwatanta tatsuniyoyin duniya. Hausawa masu karatun boko a lokacin 'yan ƙalilan ne, makarantar Ɗan Hausa ma sai a 1909 aka buɗe ta. Duk da haka ba za mu ƙi gode musu ba, don da ba su rubuta ba, da tatsuniyoyi da yawa sun bi masu su kabari. An ce rashin sani ya fi dare duhu, su dai sun bar mana 'yar fitila.

Sai dai fitilar ba ta haska ko'ina ba. Malamin da ya zauna a zaure da alƙalami da tawada yana rubuta wa Razdan tatsuniya, abin da ya ji tun yana yaro yake tunowa, ƙashin labarin yake kamawa. Ke kuwa kin san tatsuniya ta wuce ƙashin labari. Akwai tsamin bakin Gizo, wanda tsohuwa take kwaikwayo yara su yi ta dariya. Akwai waƙar da marainiya take yi a bakin rafi, wadda ake maimaitawa har yara su kama amshi. Akwai inda kaka take rage murya in Dodo ya kusa, da inda take kallon jikar da ta yi rashin kunya da rana kafin ta faɗi abin da ya sami 'yar mowa. Takarda tana iya riƙe kalmomin waƙa, karinta kuwa ba ta iyawa. Wannan kashi na aikin a hannun mata ya rage, ba a kwashe shi ba.

Daga nan sai ɗab'i ya dawo gida. A 1929 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, a 1933 aka mai da ita Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta East. Ita ce ta sa gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Sunan nan na Ruwan Bagaja, ai kin san shi tun kafin ki san littafi, don akwai tatsuniya mai wannan suna, ta 'yar bora da aka aika wanki. Tsakanin 1937 da 1939 Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce guda uku. Labaran da ke ciki da yawa daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai ya ɗebo su, ya ɗinka musu rigar Hausa wadda ta zauna musu cif, har wasu suke zaton a nan aka haife su. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a shekarun 1950 hukumar NORLA ta yi ta buga littattafan yaƙi da jahilci, a 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya. Karatu ya yaɗu, ɗan makaranta ya san labarin aku da Waziri sarai. Littattafan Edgar kuwa suka yi wuyar samu, sai a manyan ɗakunan karatu.

Kina iya tambaya, to da mace ce ta zo da alƙalamin fa, me zai faru? An gwada, an kuma ga abin da ya faru. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta aikin bincike a ƙasar Zazzau, ta samu shiga cikin gidaje saboda ita mace ce. Ta ƙulla zumunci da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877. Suka yi makonni suna zama, Baba tana magana da Hausa, Mary tana rubutawa. Ta faɗi yadda ake harin bayi, da zuwan Turawa, da aurarrakinta, da zaman kishi, da ƙawance, da haihuwa da suna, da bori, da waƙoƙin mata. Littafin labarin rayuwa ne, ba kundin tatsuniya ba, amma ya nuna irin dukiyar da ke bayan zaure wadda su Tremearne ba su kai gare ta ba. An buga shi a Landan a 1954 da Turanci, da sunan Baba of Karo. A wannan karon sunan mai maganar ne a bango. Sai dai Baba ta rasu tun 1951, ba ta ga littafinta ba.

Bayan samun mulkin kai sai aikin ya fara komawa hannun masu abin. A Yamai, a 1968, aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka da taimakon UNESCO, wadda a 1974 ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka san ta da CELHTO. A Kano kuma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, na cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, tun daga 1971. Na tabbata cikinku akwai waɗanda suka karanta su a firamare, ko suka gan su a jakar 'ya'yansu. Wannan karon Bahaushe ne ya tattara, don 'ya'yan Hausawa aka buga, ya kuma haɗa da wasannin dandali. Shi ne ya rubuta Hausa A Rubuce a 1988, tarihin rubuce-rubuce cikin Hausa. Allah Ya yi masa rasuwa a 1995.

Su kuwa littattafan Edgar, wani Bature mai suna Neil Skinner, wanda ɗalibai suka sani da ƙamusunsa na Turanci da Hausa, shi ya farfaɗo da su ta hanyar fassara su zuwa Turanci. Na farko ya fito a Landan a 1969, shekara 58 bayan bugun Belfast, sauran biyun a Amurka a 1977. A 1997 aka buga binciken Sa'idu Babura Ahmad a Jamus, wanda ya ɗauki muryoyin masu yin tatsuniya ya kwatanta, ya nuna yadda tatsuniya guda take sauya kama daga baki zuwa baki, kowane mai faɗa da inda yake sa nauyinsa. A 2012 kuma kamfanin Gidan Dabino na Kano ya buga Taskar Tatsuniyoyi ta Dokta Bukar Usman, mutumin Biu, littattafai 14 a haɗe wuri guda. Shi Bukar Usman ya shugabanci ƙungiyar masu nazarin tatsuniyoyi da al'adun gargajiya ta Nijeriya.

Wannan binciken na Sa'idu Babura ya taɓa mu ƙwarai. In tatsuniya tana sauyawa daga baki zuwa baki, ashe don an buga Daskin-da-riɗi sau ɗaya ba a gama da ita ba. Yadda kakarki ta Daura take yin ta daban, yadda ta Maraɗi take yi daban, yadda Bahaushiyar zangon Kumasi take yi daban. Wata za ta tsawaita waƙar, wata za ta tausaya wa kishiya, wata za ta ƙara wani dodon da babu shi a littafin kowa. Duk tsohuwar da ta rasu ba a ɗauki tata ba, wannan bugun ya tafi ke nan. Kuma kin fi ni sanin halin da dare yake ciki a gidajenmu yanzu. In akwai wuta talabijin ce, in babu kowa ya sunkuya kan wayarsa, kaka tana gefe tana gyangyaɗi, babu wanda ya ce mata, "Iya, yi mana tatsuniya."

Daga Dorugu zuwa yau shekara sama da 160 ke nan ana kwasar tatsuniya ana bugawa, kuma mafi yawan masu kwasar iyakarsu zaure. Ke kuwa da kike saurarena a cikin gidan kike. Abin da Tremearne ya nema da kakinsa da ikonsa bai samu ba, ke ɗaki ɗaya ne tsakaninki da shi. Surukarki, ko gwaggon maigida, ko tsohuwar da take shigo muku da daddawa, ba za su ji tsoronki ba, ba za su gaji da ke ba. Ba sai kin fita ko nan da ƙofar gida ba.

Ga abin da nake ba mu shawara. Ki nemi yardar tsohuwar tukuna, ki gaya mata abin da za ki yi da shi. Ki bari sai dare, ki tara yara, don tatsuniya ba ta daɗi in babu masu amsawa. Ki kunna abin ɗaukar murya na wayarki ki ajiye kusa da ita. Kafin ta fara, ki sa ta faɗi sunanta, da garin da aka haife ta, da wadda ta ji tatsuniyar a bakinta, ke kuma ki faɗi shekarar da ake ciki. Wannan shi ne abin da aka bari a baya tun zamanin Schön, kada mu ma mu bar shi. In ta kai wurin waƙa, ki bar ta ta rera har ƙarshe. In Sakkwatanci take yi ko Katsinanci ko Hausar Damagaram, kada ki gyara mata, yadda ta faɗa haka za a ajiye. In ta faɗi kalmar da ba ki sani ba, bayan ta gama ki tambaye ta ma'anarta, don kalmomin kaɗi da saƙa da daka da yawa a cikin tatsuniya kaɗai suka rage.

Bayan nan sai rubutu, don waya tana lalacewa, tana ɓata, ana sace ta. Ki sami littafin rubutu na 'yan makaranta ki kwafe abin da aka ɗauka, da boko ko da ajami, wanda duk hannunki ya fi sabawa da shi. In ba ki yi karatu ba, 'yarki ko ƙanwarki ta rubuta, ke kina saurare kina tabbatar ba ta tsallake komai ba. A saman kowace tatsuniya a sa sunan mai ita. Muryar kuma ki tura wa 'yan uwa biyu ko uku su ajiye, kada ta zauna a waya guda.

In kun kai ku goma a unguwa ko a makarantar Islamiyya kuna yin haka, kowace ta samo biyar, kun tara 50 ke nan, daidai da abin da Tremearne ya kai wa mujallar Landan. Kuɗin bugawa kuwa, ai kun ji yadda ƙungiyar su Eliza Gutch ta yi, kuma adashe ba baƙonmu ba ne. Buga littafi ma ba sabon abu ba ne ga matan Hausawa. Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, bayansu mata da yawa suka yi ta rubutu daga cikin ɗakunansu ana kai wa maɗaba'a a Kano. Hanyar da littafin soyayya ya bi ya isa kasuwa, littafin tatsuniya ma zai iya bin ta.

To, 'yan uwa, lokaci ya yi mana halinsa. Aikin da zan bar mana shi ne, kafin mu sake haɗuwa kowace ta samo tatsuniya ɗaya daga bakin tsohuwa ɗaya, da sunanta da garinsu. Wadda ta samu ta aiko mana, za mu karanta a wannan fili, kuma sunan mai tatsuniyar za mu fara faɗa kafin na wadda ta aiko.